Kayan da Za a Mayar Legas

Alhaji Abdulmuhaimin ya bar aikin gwamnati yana mataimakin darakta. Ya miƙa makullin gidan GRA ga wanda ya gaje shi, ya dawo gidansu na gado a Ƙofar Wambai, ya kuma gano cewa ma'aikatar ta ci gaba da buɗewa kowace safiya ba tare da shi ba. Abin ya ba shi mamaki, amma bai riƙe ta a zuciya ba. Ritayar ta karɓe shi. Ya samu tabarma a zaure, da rediyo, da masallaci a bakin ƙofa, da maƙwabta masu kiransa Darakta, muƙamin da gwamnati ta yi ta yi masa alkawari har ya tafi ba ta ba shi ba. Kuɗin sallamarsa ma, bayan doguwar tafiyar da suka sha tsakanin ofisoshi, sun iso asusunsa a watan da ya wuce. Bai taɓa su ba. Yana dai leƙa su a waya lokaci-lokaci, kamar mai duba jariri yana barci.

Wata Talata bayan azahar, yana kishingiɗe a zaure, saƙo ya shigo wayarsa. Da Turanci aka rubuto shi, Turanci mai ladabi. Wai ya kai abokin hulɗarmu mai daraja, kayanka sun iso daga Legas, amma an kasa kawo maka saboda adireshinka bai cika ba. Ka latsa nan ka gyara, ka biya ɗan kuɗin sake kawowa. In ba ka yi ba kafin gobe, za a mayar da kayan ga wanda ya aiko. A ƙasa akwai wani shuɗin rubutu mai jan layi, yana jiran yatsa.

Alhaji ba wawa ba ne, ya sha faɗa da bakinsa. Ya taɓa kashe wa wani waya da ya kira shi wai daga banki, ya kuma ba da labarin a majalisa har mutane suka haddace. Amma wannan saƙon ya zo da magana biyu da ba zai iya musantawa ba.

Ta farko, adireshi. A Ƙofar Wambai ba wanda adireshinsa ya taɓa cika. Gidan ya taɓa samun lamba, wasu ma'aikata ne suka rubuta da baƙin fenti a jikin bango, aka zo gyaran gida aka shafe ta da farar ƙasa, ba kuma wanda ya yi kewarta. Mai neman gidan sai a ce masa ya wuce mai injin markaɗe, ya bar masallaci a hannun dama, ya tambayi gidan Modibbo. Modibbo mahaifin Alhaji ne, ya daɗe da rasuwa, amma har yanzu shi ke riƙe da adireshin.

Ta biyu, Legas. Alhaji yana da mutum a Legas: ɗansa na fari, injiniya. Sunan Modibbo na yanka aka sa masa, Abdulbaqi, don haka kunyar ta zama biyu, ta ɗan fari da ta sunan uba. Alhaji bai taɓa furta sunan ba. Kakar yaron ce ta goya shi, ya girma a gidan nan yana gaishe da mahaifinsa daga nesa, kai a sunkuye. Ba faɗa tsakaninsu, ba gaba. Ƙauna ce ma sosai, irin wadda ake ajiyewa a ƙasan akwati don kada ta yi datti. A wayar Alhaji lambarsa tana nan da sunan "Legas," bai taɓa latsa ta ba. In akwai magana, ƙanwar yaron, Juwairiyya, ce ke kaiwa ta kawo.

Shi ma yaron bai taɓa sanar da kyauta ba. Shadda takan zo kafin sallah, takalmi ya zo, na'urar gwajin hawan jini ta zo, ba wanda ya ce ga wanda ya aiko. Alhaji ya ce an kawo saƙo, matarsa Hajiya Fati ta ce Allah ya yi albarka, ba ta faɗi wa za a yi wa albarkar ba, tunda Allah ya sani. Daga baya a ce wa Juwairiyya ta ce an gani.

Saboda haka da Alhaji ya kai kan kalmar mayarwa, sai ya tashi zaune. Ya hango kwali ya koma Legas, yaron ya buɗe ƙofa ya ga kyautarsa ta dawo daga gidan ubansa, ba bayani. Kuma ba zai tambaya ba. Zai ɗauki kwalin ya shiga da shi ciki, ya yi ta bincikar kansa, yana neman laifin da ya yi.

Ya shiga cikin gida. Hajiya Fati tana tsakar gida tana yankan kuɓewa.

"Hajiya, wai akwai kaya daga Legas."

"To," in ji ta, ba ta ɗago ba. Kunyarta ta fi tasa tsufa da ƙwari.

"Wai in ba a gyara adireshi ba, gobe za su mayar."

Wuƙar ta tsaya. "A mayar? Me ya yi mana da za a mayar masa?"

"Wa?"

"Alhaji, ka san wa."

Ya koma zaure ya kira Juwairiyya, wadda ke koyarwa a wata makaranta wajen Shadawanka. Ya karanta mata saƙon da muryar da yake karanta takardar taro a da.

"Baba, 'yan damfara ne. Don Allah kar ka latsa komai. Wane kamfani ne ma?"

Ya duba. "Ba su faɗa ba."

"Sun kira sunanka?"

"Sun ce abokin hulɗa mai daraja."

"Ka gani. Daga wace lamba?"

"Lamba ce irin ta kowa."

"To shi ke nan. Dama abin da ake cewa, mutum ya tambayi kansa, ina jiran wani kaya? In ba ya jira, ya goge."

"Juwairiyya, tun da nake ban taɓa jiran kayansa ba, kuma suna zuwa."

Shawarar tana da kyau, sai dai ba don gidansu aka yi ta ba.

"To a tambayi Yaya mana."

"Shi ya sa na kira ki."

"Ni? Baba, ba ma magana da Yaya. Ya cire ni daga shugabancin guruf ɗin gida, wai na cika turo wa'azi da maganin gargajiya. Sai ya ba ni haƙuri tukuna. Ai kana da lambarsa. Baba, an kaɗa ƙararrawa, zan shiga aji. Kar ka latsa!"

Ya ajiye wayar a kan tabarma, ya dube ta. Sannan ya ɗauka ya latsa. Ba don ya yarda ba, in ji shi a ransa. Dubawa kawai zai yi, kamar yadda ake leƙa fayil ba tare da an sa hannu ba.

Shafin da ya buɗe kyakkyawa ne. Ga hoton mota, ga hoton kwali, ga wani saurayi da hula yana murmushi kamar an biya shi albashi a kan lokaci. Aka nemi suna, ya rubuta. Aka nemi adireshi, ya gyara zama ya fara: Gidan Modibbo, Ƙofar Wambai, in ka wuce mai injin marka. Nan gurbin ya cika, ya ƙi karɓar ko harafi ɗaya. Ya yi ta dannawa, "ɗe" ta ƙi shiga. Don haushi ya latsa ci gaba, yana jiran a dawo masa da ita.

Sai ga koren maki. Wai mun gode, adireshinka ya cika.

Alhaji ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Mutanen da suka ce adireshinsa bai cika ba, ya ba su wanda ya yanke a tsakiyar kalma, sun karɓa har da godiya. A duk tsawon aikinsa bai taɓa ganin wurin da aka karɓi takarda a zuwan farko ba. Shi kansa ya mayar da takardu saboda waƙafi. Wurin da ba ya wahalar da mutum, a saninsa, akwai abin da yake so a jikin mutumin.

Amma shafi na gaba ya riga ya buɗe, kuɗin da ake nema kuma bai kai na Keke Napep zuwa Wunti da dawowa ba. Wa zai bari a wulaƙanta ɗansa a kan wannan? Suna son lambar katin banki, da ranar ƙarewarsa, da lambobin da ke bayansa, da lambar sirri. A saman shafin wani agogo yana ta ƙirga lokaci da jan rubutu. Ya zaro katin daga aljihun gaba, katin asusun da kuɗin sallama ke barci a ciki, ya ɗora a gwiwa, ya fara kwafa da yatsa ɗaya.

Ya kai rabi ke nan ya ji tarin tsohuwar motar Irmiya a waje. Irmiya akanta ne a ma'aikatarsu, mutumin Bogoro, tare suka fara aiki, tare aka sallame su. Duk Talata yakan taso daga Yelwa ya zo shan shayi da zagin gwamnati, abubuwa biyu da likita bai hana shi ba tukuna.

"Darakta! Ranka ya daɗe. Yau kuma lissafi ake da kati a gwiwa? Ko ka fara rabon gado tun da ranka, in zauna kusa?"

"Zauna, Akanta. Kaya ne aka aiko, ana neman kuɗin kawowa."

Irmiya ya cire takalmi, ya zauna da ƙyar, ya miƙa hannu. Ya karanta saƙon, ya yi dariya har da buga cinya. Ya laluba aljihu ya fito da tasa wayar mai fasasshen gilashi, ya jera su biyu a kan tabarma.

"Karanta nawa. Jiya da safe ya zo."

Alhaji ya karanta. Kalma da kalma iri ɗaya ne, har darajar. Lambar da ta turo ce kawai daban.

"Ni ma abokin hulɗa ne mai daraja," in ji Irmiya. "Wa nake da shi a Legas? 'Yata Christabel tana Jos, ita kuma karɓa ta iya, ba aikowa ba. Matata Paulina ma sun turo mata. Rabin cocinmu suna da kaya a Legas, Darakta. Watsawa suke yi kamar hatsin kaji, wanda ya tsattsaga nasu ne."

"Naka na ƙarya ne, wannan a fili yake," in ji Alhaji. "Nawa kuma ba a sani ba."

"Ikon Allah. Saƙo ɗaya, nawa ƙarya, naka gaskiya. Ashe har a damfara akwai matakin albashi."

"Kai ba ka da mai aiko maka. Ni ina da shi."

"To tsaya. Direban da ya kawo maka shadda bara, ya ce maka abokin hulɗa?"

Alhaji ya tuna. "Kira ya yi daga tasha. Ya ce Baba in ba ka zo yanzu ba, zan bar wa mai shayi, ni Gombe zan wuce."

"Yawwa. Mai kaya na gaskiya masifa yake yi maka. Ya nemi lambar sirrinka?"

"Kuɗin shan ruwa ya nema."

"To su waɗannan ba ɗan canjin nan suke so ba. Katin suke so. Kana gama rubutawa, banki ya turo maka lamba, su ce ka sa ta nan, ka sa. Kafin a kira la'asar kuɗin sallamarka sun yi tafiyar da ta fi wadda suka yi a ma'aikata, wannan karon kuma ba dawowa. Agogon nan da ke gudu, don kada ka tsaya ka yi tunani aka sa shi."

Alhaji ya ɗauke katin daga gwiwa, amma bai mayar da shi aljihu ba. Duk abin da Irmiya ya faɗa ya shiga kansa ya zauna daidai. Sai dai akwai wani ɗan lungu a zuciyarsa da lissafi ba ya shiga, a nan kwalin yake, a bakin ƙofar wani gida a Legas.

"In kuma aka yi rashin sa'a gaskiya ne fa?"

"To ka kira shi mana! Ka kira Abdul..."

"Kai!"

"Yi haƙuri. Ka kira mutumin Legas. Ku dai da al'adarku. Ni nawa ɗan farin, Jesse, sunansa nake kira tun daga bakin titi, har da zagi in ya kama. Ba ni lambar in kira maka."

"Bare ya shiga maganar gida? A'a."

Matsalar ba kiran kaɗai ba ce. Me zai ce? Ka aiko min da kaya? In bai aiko ba, tambayar ta zama roƙo. Uba ya kira ɗansa karo na farko a duniya, ya buɗe baki da ina kayana. Alhaji ya gwada jimlar a ransa ta fuskoki da dama, kamar yadda yake juya wasiƙar neman ƙarin kasafi har ta fito kamar shawara. Irmiya ya zuba wa kansa shayi daga fulas ɗin da Hajiya ta saba ajiye masa, ya juya baya yana nazarin bango, don a san ba ya saurare.

Alhaji ya rufe shafin. Ya nemo "Legas." Ya yi bisimilla, ya latsa.

Ƙara ɗaya aka ɗauka. Ya ji kujera ta faɗi a can.

"Innalillahi. Baba? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"Hajiya ce? Tana asibiti?"

"Tana yankan kuɓewa. Kai ne?"

"Ni ne, Baba. Ina wuni, Baba. An wuni lafiya? Ya gida? Ya jiki?" Daga muryar ana jin a tsaye yake, wataƙila ma ya rusuna a tsakiyar ofis, abokan aiki suna kallo.

Suka gaisa. Suka sake gaisawa. Alhaji ya tambayi iyali, aka ce lafiya. Ya tambayi aiki, aka ce da godiya. Gaisuwa ta ƙare, ba sauran wurin ɓuya.

"Wasu mutane ne," in ji Alhaji, yana kallon rufin zaure, "suka rubuto cewa wai akwai wasu kaya da wani ya aiko daga wajenku. Wai za su mayar. Shi ne aka ga ya dace a tabbatar, kada kaya su koma wa mai su ya ɗauka ƙi aka yi."

"Baba, ban aiko komai ba wallahi. Damfara ce, ni ma sun turo min makon jiya. An sa lambar kati?"

"Rabi."

"An tura?"

"Ba a tura ba."

"Alhamdulillahi. Kada a ƙarasa. A goge saƙon, kada a ba su amsa. Ko wata lamba ta shigo daga banki, kada a faɗa wa kowa. Gobe da safe a je bankin da ƙafa a gaya musu, in sun ce a canza katin a canza, hankali ya fi kwanciya."

"Za a je."

Alhaji ya ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa. Ba kwalin da zai koma, ba kuɗin da ya tafi. Can ƙasa kuma ya ji ɗan tsinken takaici, don ya riga ya fara tunanin ko agogon hannu ne a kwalin, amma wannan bai kai a rubuta shi a rahoto ba.

"Baba," muryar ta yi ƙasa, "ko akwai abin da ake buƙata ne? Na yi niyya dama ƙarshen wata..."

"Babu. Ba roƙo na kira ba."

"Na sani, Baba."

"Don dai kada a mayar ne."

"Na gane, Baba. Ko da an mayar ma, ai ba zan ɗauka ƙi aka yi ba."

Alhaji ya yi gyaran murya, ya tambaya ko ana ruwa a can. Aka ce ana yi kamar ba za a daina ba, jiya ma sai da ya cire takalmi ya shiga layinsu. Alhaji ya ce nan ma an samu, bangon bayan gida ya ɗan tsage. Yaron ya tambaya ko bangon da ke kusa da ɗakin kaka ne, Alhaji ya ce shi ne. Yaron ya ce ai tun yana ƙarami bangon yake tsagewa, nan yake ɓoye kuɗin tara na makaranta. Alhaji ya ce ya sani, shi yake ƙara masa a kai. Daga can Legas aka yi wata 'yar dariya da tari ya biyo bayanta.

"Baba, duk saƙon da ya zo irin wannan, a kira ni kawai a tambaya. Ko ina taro zan ɗauka."

"Za a duba," in ji Alhaji. A ma'aikata wannan kalmar tana nufin a'a, amma yau shi kansa bai tabbatar da me take nufi ba.

Suka yi sallama. Ya goge saƙon, ya mayar da kati aljihu, ya danne shi da tafin hannu. Irmiya ya juyo daga bango.

"To, sama ta faɗo?"

"Sha shayinka, Akanta. Gobe za ka kai ni banki a wannan akwalar taka."

"Sai dai ka tura in ta mutu."

A ƙofar cikin gida labule ya motsa. Hajiya Fati ce da farantin gyaɗa, kuma ga alama ta daɗe da kawo shi, don hannunta ya gaji har ta tallafe shi da ɗayan. Ta gaishe da Irmiya, ta tambayi Paulina, ta ajiye farantin, ta gyara masa zama ba tare da yana buƙata ba.

"Za a mayar?"

"Babu abin mayarwa. Ɓarayi ne."

"To, Allah ya shirye su." Ta juya kamar za ta tafi, ta tsaya. "Na ji kamar ana tari a can."

"Ruwa ake yi musu."

"A ce a dafa citta da kanumfari, a sa zuma. A daina shan ruwan sanyi."

"Wa zai ce?"

"Ai yanzu kai ne mai hanya," in ji ta, ta shige ciki.

Irmiya ya ƙware da shayi don dariya. Alhaji ya dubi wayar, ya dubi labulen. Ladan ya fara gwada lasifika a masallacin bakin ƙofa. Ya ɗauki buta, ya ce bari a yi la'asar tukuna, maganar citta ba a yin ta da gaggawa.